Baba Ya Ce An Kashe Karen, Ni Kuwa Na San Ba Haka Ba Ne

Salamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ina aure a Gumel, iyayena kuma suna wani ƙauye a gefen Gagarawa. Babanmu tsohon mafarauci ne, yana da wani kare mai suna Duna, wallahi yadda yake ji da karen nan ko mu 'ya'yansa albarka. Karen dama mugu ne, ya sha yaga awakin mutane, kullum sai a ba da haƙuri a wuce. To kwanaki na je gida, sai ya ciji Ummi, ƙaramar 'yar maƙwabcinmu, a ƙwauri, ta shigo karɓar wuta. Ni na ɗauke ta. Kuma tun kafin ranar na lura karen ba daidai yake ba, yawu na zuba, yana ta cizon icen rumfa.

Samari suka taru da sanduna za su kashe shi, mai unguwa ya hana su, ya ce dokar da malamin dabbobi ya shaida musu ita ce duk karen da ya yi cizo a ɗaure shi a sa masa ido, in ya mutu ko ya haukace a kai rahoto a garzaya da wanda ya ciza asibiti. Baba ya amsa da to. Washegari sai ya je wajen mai unguwa ya ce shi ya gaji da fitina, ya harbe karen ya binne a daji. Ya kuma kai wa iyayen Ummi gashin karen, suka ƙona suka shafa a ciwon kamar yadda ake yi a wajenmu, ciwo ya kame, kowa ya ce shi ke nan.

Ashe ba kashe shi ya yi ba, wani abokin farautarsa ya ba, ya tsallaka da shi ta Maigatari can cikin Nijar, wai sai ƙura ta lafa. Innarmu ce ta gaya min tana kuka, ta ce mutumin ya bugo waya, Duna ya ƙi ruwa, ya yi ta cizon ƙasa har ya mutu. Na tambayi wata nas a nan Gumel ba tare da na kama suna ba, ta ce warkewar ciwo ba komai ba ce, allura ce kawai mafita, kuma in alamun ciwon haukan kare suka fara fita an makara.

Na koma na sami Baba na durƙusa na roƙe shi, ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa kare, gashi ya yi wa kakanninmu magani zai yi wa Ummi, kuma duk ranar da na buɗe baki aka kira shi maƙaryaci a gaban mai unguwa ko aka kai shi wajen 'yan sanda da furfurarsa, bai yafe min ba. Na gwada ta wata hanya, na ce wa uwar yarinyar su je a yi allura ko don kwanciyar hankali, ta yi dariya ta ce karen ai lafiyarsa lau, mugunta ce kawai irin tasa.

Ina tsoron bakin uba, Allah ya sani. Amma jiya Inna ke ce min uwar Ummi ta dama fura ta ba yarinyar ta kawo wa Baba, wai godiya, kuma ya karɓa ya sa mata albarka. 'Yan uwa in faɗa musu gaskiya in ɗauki fushin mahaifina, ko akwai yadda zan sa a yi wa yarinyar nan allura ba tare da na tona masa asiri ba? Ku amsa min da wuri don Allah, ban san ko saura kwana nawa gare ta ba.