Dashin da Na Tono a Tsauni

Asabar, 2 ga Satumba 2023

Yau na samo shi. Itacen dashi ne, a kan wani tsauni mai tsakuwa daura da hanyar Tagriss. Tsayinsa bai kai gwiwata ba, amma gindinsa ya fi damtsena kauri, a murɗe, duk tabo. Tun da na bar koyarwa a lakwal na koma tsare itatuwa a kasko, abin da masu yi a waya suke kira bonsayi, ban taɓa ganin irinsa ba. Iska da awaki sun yi mini aikin shekaru a banza.

Arzika ƙanena, da ya kai ni a moto, babur ɗin nan nasa, ya tsaya yana mita wai duwatsun da ke gefen icen kamar hannu ne ya jera su. Na ce a kan tsauni me yake so ya gani, kifi? Na tono abina da saiwarsa, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, muka taho.

Lahadi, 3 ga Satumba

Ya shiga babban kaskon da na daɗe ina ajiya. Elhaji Mamani maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga, wai duk Dakoro ana fama itace ya girma ya ba da inuwa, ni ina hana su girma. Na ce ranar da ya ɗebo mini ruwan ban su, ya zo mu yi shawara.

Jumma'a, 15 ga Satumba

Ya zubar da ganye kaf. Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Toho! Kore shar a kan kowane reshe. Na kira Elhaji ya gani, ya ce Allah ya shirya. Amin, da ni da shi.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Wata makiyayiya ta yi sallama da hantsi, sunanta Zara. Suna gangarowa kudu da bisashensu tunda an gama girbi. Mutanen rijiyar da ke kusa da tsaunin ne suka kwatanta mata gidana. Ba ta zauna ba, ruwan da na miƙa ma ba ta sha ba. Idonta na kan kaskon.

Ta ce ɗiyarta ce kwance a inda na tono icen. Zazzaɓi ya kama yarinyar suna kan hanya, shekarun baya, suka rufe ta a kan tsaunin, ita kuma ta kafa reshen dashi a wajen kai don ta riƙa gane wurin. Bana ta zo, ta zaga tsaunin har rana ta faɗi, dutse duk iri ɗaya.

Na yi mata ta'aziyya. Amma na ce daji na Allah ne, ba rubutu ba shinge, kuma in aka sake tumɓuke icen nan yanzu da rani ya shigo, mutuwa zai yi. Gaskiya na faɗa. Ta dube ni ta ce, "Malama, ni ba icce na zo roƙo ba. Ki gwada mini ramin da kika hidda shi."

Na ce zan duba.

Talata, 7 ga Nuwamba

Arzika ya zo da wa'azinsa. "Yaya, ai na hwaɗa miki duwatsun nan." To, ya faɗa. Shi ne ya riƙe mini buhun kuwa.

Ban saci komai ba. Ban san kabari ba ne. Duk wanda ya ga icen nan yadda na rene shi ya san bai taɓa samun gata irin na gidan nan ba. Ba zan mayar ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na je nuna mata ramin, don kada a ce. Ruwan ƙarshen damina ya cike shi da ƙasa, ya watsa duwatsun. Muka yi ta yawo, ni da ita da Arzika. Kunya ta fara kama ni, ni da na cika baki cewa na san wurin. Can na tuna na sare wata doguwar saiwa da ta ƙi fita, na bar guntunta a ƙasa. Na durƙusa ina tono da hannu nan da can har yatsana ya ci karo da ita.

Zara ta zauna a wurin, ta yi addu'arta. Ba ta yi kuka ba, ni ce ma na juya baya.

Da za mu sauko, bakina da ba ya shiru, na ce awaki sun iya aski, su suka gajarta icen haka. Ta ce ba awaki ba ne. Duk wucewa, hawa da gangara, ita take karye masa kai. Wai dogon dashi masu shingen gona suke sarewa su tafi da shi.

Ta ƙara da cewa, "Na ce in ya tsaya gajere, mummuna, ba mai so nai."

Muka hau moto, muka koma gida.

Jumma'a, 10 ga Nuwamba

Na zauna gabansa da almakashi, na kasa taɓa ko ganye ɗaya. Tabon nan da nake nuna wa mutane ina alfahari, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne zuwanta ne.

Duk da haka ni na raya shi. A rubuta wannan.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Kaskon ya yi masa kaɗan, dama na lura tun tuni. Saiwar dashi tana son tsakuwa, ƙasar gidan nan kuma ta cika riƙe ruwa. Dalilina ke nan, ba surutun Arzika ba, ba kallon da Elhaji yake yi mini ta kan katanga ba.

Fasa kaskon na yi don kada saiwar ta motsu. Muka ɗaure shi a bayan moto da ƙasarsa. Zara ta jera duwatsun da kanta, ni na dasa, don ba zan bari wani ya dasa mini shi a karkace ba. Gobe za su wuce wajen Sabon Maci, sai damina kuma. Ta tambaya ko zai rayu. Na ce ba a taɓa ba ni itace ya mutu a hannuna ba, wanda ba gaskiya ba ne.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Bido biyu na ruwa a bayan moto, Arzika na ta ƙorafin hanya. Na gaya masa ya saba, duk Asabar ne har ruwa ya sauka. Aikina nake bi, ba na son ya lalace.

Ya zubar da ganye, amma na kankare ɓawon da farce, cikin kore ne. Wani reshe ya miƙe sama ya fi sauran. Na ɗauko almakashi, sai na mayar cikin jaka. Na bar mata, ita za ta karye shi.

Na manta ban tambayi sunan yarinyar ba.