Akwatin da Na Ɗaura a Rumfar Mai Faci

Assalamu alaikum, mai kula da shafi da masu karatu, ina muku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni. Tun jiya abinci ba ya shiga cikina.

Ni ɗalibi ne a Talata Mafara, ajin ƙarshe. Aikin kammala karatuna shi ne na'urar karɓar kuɗin hanya ba tare da ma'aikaci ya tsaya a hanya ba: kyamara ta ɗauki lambar mota, siririn hasken lesa ya auna tsawonta da tudunta, sai na'urar ta rubuta lokaci da abin da ya kamata ta biya. Malamina ya ce in gwada a cikin makaranta kawai. Amma motoci nawa ke shiga makaranta? Ina son manyan motocin shanu da na albasar Bakolori. Sai na tuna da rumfar Baba Ila mai faci, a bakin hanyar Bakura, maƙwabcinmu ne tun ina yaro. Kullum in ya hango ni sai ya ce, "Injiniya, yaushe za ka ƙera muna tayar da ba ta hwashewa? A'a, bari, kak ka kashe min sana'a!" Kunya ta hana ni roƙonsa. Ranar da ya tafi ɗaurin aure Janbako na hau na ɗaure akwatin na'urar a ƙarƙashin kwanon rumfar, ina cewa mako ɗaya ne in cire.

Kuskurena na biyu, da Hausa na rubuta bayanan, don in burge masu duba aikin. Ƙaramar mota: "a karɓi kaɗan." Babbar mota: "a tare, a karɓi da yawa." Tarewar da nake nufi ta ƙarfen shingen nan ce mai ɗagawa da kansa, wallahi ita ce.

Ranar Alhamis 'yan bindiga suka tare motar wani falken shanu a hanyar Maradun, suka tafi da direban. Ranar Asabar wani ya lura da akwatin. 'Yan sa-kai suka kwance shi, suka sa memorin a waya, ga hoton motar nan, ga lambarta, ga ƙarfe nawa ta wuce, ga abin da na rubuta a ƙasa. Ina cikin taron lokacin da shugabansu ya karanta da ƙarfi. Nan take aka fara cewa "Infoma ne! Ashe faci na banza ne!" Baba Ila yana durƙushe, hularsa a ƙasa, yana rantsuwa bai taɓa ganin abin ba. Sai idonsa ya faɗo kaina, har fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga Injiniya. Ɗana, kai da kay yi boko, duba abin ga ka hwaɗa musu ko mine ne." Aka miƙo mini akwatin da na haɗa da hannuna, har tabon da na ƙona da dalma ina gani. Na juya shi sau biyu, na ce, "Baba, ban san shi ba."

Ya ce, "To, ba komi, Allah shi yi maka albarka."

Wane irin mutum ne ni? Yanzu yana tsare a gidan mai gari, wanda ya roƙa a dakata har Talata a yi bincike. An rushe rumfar. Matarsa ta shigo gidanmu tana kuka, mahaifiyata na ba ta haƙuri, ni kuwa ina ɗaki zaune a kan littafin da na rubuta komai a ciki, ranar da na ɗaura da zanen wayoyin duka. Littafin zai wanke shi. Amma wa zai yarda cewa wanda ya rubuta "a tare" kuɗin hanya yake nufi? Direban har yau ba a sako shi ba, 'yan'uwansa suna gari. In na kira malamina shaida, zai zo kuwa, bayan na saɓa masa? In na yi shiru, na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a ƙasarmu.

Yau Lahadi. Baba Ila ya aiko a ce mini, in na san wani mai ilimin da ya fi ni, in taimaka in kawo shi. Jama'a, me zan yi kafin Talata?