Kwamfutar Mai Kunne Ta Yi Shiru

Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ya gajiyar zaman jinya? Yara suna wurin Yaya lafiya ƙalau. Ni ma jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Na so in ɓoye miki har ki dawo, amma kin san cikina ba ya riƙe magana. Wuta ta dawo da ƙarfi a sutudiyo, ta ƙona katin sauti, akwatin nan da muke soka makirufo da sifika a jikinsa, har da na cikin kwamfutar. Mai sutudiyo ya sayo sabo, yana ta yabonsa, har ya kama hannuna ya ɗora a kai don in ji santsinsa. Na jona. Shiru kamar an shuka dusa.

Kin san tun da idona ya tafi da tsarin kwamfuta na Linux nake aiki, domin a can muryar da ke karanta min allo da manhajar haɗa waƙa suna jituwa, komai da madannai nake yi. To kamfanin sabon katin bai yi masa direba na Linux ba. Kar ki ambaci direba a gaban Mama, sai ta ce a kira ƙanenki mai tasi. 'Yar manhaja ce da ke yi wa kati da kwamfuta tafinta. Babu ita babu sauti, har muryar da ke min jagora ta ɗauke. Na wuni gaban kwamfutar da na sani fiye da ɗakinmu ina lalube.

Na ari wani ɗan ƙaramin kati, muryar ta dawo, amma ba ya ɗaukar waƙa. Mai sutudiyo ya ce in koma tsarin da katin ya sani. Na gwada, wallahi na gwada. Manhajar da ya saka a can duk zane ce ta masu ido da linzamin kwamfuta, muryar ba abin da take cewa sai "maɓalli, maɓalli". Ga mawaƙiyar da muke wa kundi tana ta bugo waya.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama.

Mijinki,
Mai Kunne

Maman yara,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara cin abinci. Ke fa, kina samun barci? Kar ki ce za ki taho saboda ni, in kika baro ta ba zan yafe wa kaina ba.

Mai sutudiyo ya kawo wani injiniya, wai na wucin gadi. Mutumin kirki ne, kullum sai ya gaishe ni har da rusunawa, amma a kujerata yake zaune, ya ma rage mata tsawo. Ni an ce in huta a gida. Na roƙa aka bar ni ina zuwa da safe kafin a buɗe, in taɓa katin.

Na kai kukana dandalin masu Linux a intanet. Wasu suka ce in sayi wani kati, kamar ni ne mai sutudiyon. Wani ya ce laifina ne da ban bincika ba kafin a saya. Na rubuta wa kamfanin, suka ce ba su da shirin haka, suna min fatan alheri. Sai wata dattijuwa a wata ƙasa mai nisa, tsohuwar injiniya da ta yi ritaya, ta amsa. Ta ce ba ta taɓa ganin katin ba, amma idan zan zama kunnenta za ta gwada rubuta direban, don Allah kawai.

Haka muke. Ta turo, in saka, muryar ta karanto min tulin lambobi, in mayar mata. Gwajin farko wata ƙara ta fashe min a kunne, na wurgar da abin sauraro, har yanzu kunnena na hagu yana min kuwwa. Na tsorata ƙwarai, Maman yara. Ido ya tafi na haƙura, in kunne ya bi shi da me zan ciyar da ku? Jiya sauti ya fito a sifika ɗaya, yana shaƙewa kamar mai mura. Makirufo kuwa ko motsi.

Maƙwabcinmu mai shago ya tambaye ni ko hutu muka samu, na ce e. Abinci ba ya min daɗi. Nakan zauna a tsakar ɗaki ina jin ana ta harka a titi, kowa da inda za shi.

Ki shafa min kan Mama.

Naki,
Mai Kunne

Maman yara,

Ina gaisuwa, ina yi wa Mama barka da fara takawa. Alhamdu lillahi. Ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa.

Direban ya yi. Da safen nan na saka abin da dattijuwar ta turo, na ce "gwaji" a makirufo, sai na ji muryata ta dawo min tas ta kunne biyu. Na kifa kaina a tebur na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Na ɗauki jita na kaɗa, na saurara, babu shaƙewa ko kaɗan.

Da mai sutudiyo ya shigo na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ma sha Allah. Sai na ji yana juya makullai a hannu. Ya ce, "Mai Kunne, an riga an gama kundin. Kuma na yi wa mutumin nan alkawari, shi ma da iyali." Ya ce ba zai iya zama da tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya iya ba, in gobe wani abu ya sake ƙonewa fa? Na ce na gode da zaman da muka yi. Shi ya riƙe min hannu har bakin titi.

Na sanar da dattijuwar. Ta ce za a shigar da direban cikin Linux, duk wanda ya sayi katin nan gaba da ya jona zai yi. Ta ba ni haƙuri wai ta makara. Na ce ita da ba ta taɓa ganina ba, ina ita ina ba ni haƙuri.

Ban faɗa wa Yaya ba tukuna, ke ma kar ki faɗa wa Mama. Na ji ana neman mai haɗa sauti a wani gidan rediyo, gobe zan je da kaina. Ban san wane tsari suke amfani da shi ba, kuma ina tsoron tambaya a waya kar su sallame ni tun ban je ba. Na goge riguna biyu, na ɗan ƙona yatsa, ba wani abu ba ne. Sai dai na kasa tuna wacce ce shuɗiyar, wadda kike cewa tana min kyau. Mai aljihu ɗaya ce, ko mai tsinkakken maɓalli a wuya? Don Allah ki ba ni amsa kafin in fita.

Mijinki mai kewarki,
Mai Kunne