Ranar da Na Goge Kakanninmu

Kalakla, Litinin

Zuwa ga Tayyiba, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Husam. Mu nan lafiya lau, ban da hankalina. Na ba direban bas wannan takarda ne saboda in na kira ki a waya, uwarki za ta ji.

Kin san shafin intanet da kika gina wa ƙungiyarmu, mu jikokin alhazan da suka tako daga Katsina suka zauna a nan. Kin ba ni mabuɗi don in riƙa sa sanarwar suna da ta'aziyya. To jiya agashe, gasasshen naman da nake sayarwa, ya ƙare da wuri, sai na leƙa tarihin ayarin, wanda kika rubuta daga bakin Nana Khadija kafin ta rasu. Ina cikin karatu yatsana ya zame. Yanzu wurin fari fat. Sunaye sittin da duk garuruwan da suka yada zango, babu ko ɗaya.

Aji huɗu na yi a makaranta, amma tafiyar shekara bakwai na share ta a minti ɗaya. Ranar Juma'a shugabanmu Alhaji Jafaru zai sa a karanta wa baƙi, tsohuwar kuma ba za ta dawo ta maimaita ba. Ban manta kamfanin da muka fara ba aikin ba, da ya rufe ya tafi da hotunanmu. In wannan ma haka ne, gaya mini in fara neman garin gudu.

Ubanki,
Idi

Omdurman, Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Husam yana gaishe ka. Babu abin da ya ɓata, na mayar da tarihin yadda yake.

Wancan kamfanin shi kaɗai ya san cikin kayansa. Wannan manhajar buɗaɗɗiya ce: kyauta ce, mutane da yawa a duniya ke gyara ta, kuma ko ba na nan, duk wanda ya iya aikin zai ɗora daga inda na tsaya. Kwafin komai yana hannunmu. Tana kuma ajiye tsohon rubutu duk lokacin da aka canza shi.

Sai dai tana rubuta sunan wanda ya taɓa. Baba, yatsan nan sau uku ya zame. Na farko ya cire kakan Alhaji Jafaru daga matsayin madugu. Na biyu ya sa Isma'il, kakanka. Na uku ne ya goge sauran.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Tayyiba

Kalakla, Laraba

Uwata,

Na gode, Allah ya yi albarka. Ashe kin kawo mana abin da ya fi matan unguwa riƙe magana.

Gaskiya ce. Na ga kakana a lamba ta goma sha tara, tsakanin mai jakai da wani yaro, sai raina ya sosu. Babana ya sha gaya mini cewa Isma'il ne ya san rijiyoyin hanya, da ba don shi ba, da ƙishirwa ta gama da su tun a ƙasar Wadai. Na ce bari in ɗan matsar da shi gaba. Da na ga sunan a sama sai tsoro ya kama ni, na yi ta danne-danne don in mayar, har komai ya tafi.

Yanzu ga roƙona. Tunda kin ce abin a buɗe yake, kowa na iya gyarawa, ki shiga ki share wurin da sunana ya fito. Shekara talatin Jafaru yana cin agashena, ban taɓa ba shi na jiya ba. Ba na so ya ji wannan.

Ubanki, mai zamewar yatsa

Omdurman, Laraba da yamma

Baba,

Zan iya, amma ba zan yi ba. Nana Khadija ta yarda ta yi magana ne don na ce mata ba wanda zai juya kalamanta a ɓoye.

Na buɗe maka sabon wuri, na sa masa suna “Abin da Idi ya ji daga mahaifinsa”. Ka rubuta labarin rijiyoyin a can da sunanka. Rania sakatariya tana duba canje-canje kowace Alhamis bayan la'asar, kuma ba ta ɓoye wa Alhaji komai. Gara ya ji daga bakinka.

A gaishe da Inna.
Tayyiba

Kalakla, Alhamis

Uwata,

Na rubuta labarin rijiyoyin, layi tara, ki gyara baƙaƙen. Kakana na nan a lamba ta goma sha tara, kusa da jakai.

Na ƙunshe agashe na tsoka zalla, na sa jallabiyata ta sallah. Sau biyu na wuce ƙofar Jafaru, sau biyu na tuna ina da wani uzuri. Yanzu ina zaune wajen mai shayin da ke kallon gidansa. Direba na jiran takardar, an kuma kira la'asar.

Bari in tashi in ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Ubanki,
Idi