Gonar Tudu

Gangara, ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Nafisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Arlit, yaya aiki da zafin can? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na san wanka, Yaya Ilyasu, ya riga ni ba ka labari, tunda shi ya kai ƙarar kuma bakinsa ba ya riƙe daɗi. Kotun ƙoli ta Yamai ta tabbatar da hukuncin Zinder: gonar tudu aro ce kakanka ya ba kakana, kuma aro ba ya zama mallaka don ya daɗe. Gidanku ya ci, gidanmu ya faɗi. Ni da nake ta gida biyu ban san fuskar da zan sa ba. Shi ya sa ban kira ka a waya ba, muryata za ta tone ni.

Jiya Baba ya zo nan gidanka. Ka san tun aurenmu bai taɓa wuce zaure ba don kunyar suruki. Ya kawo buhun irin geron da ya ware wa gonar tun kaka, ya ce a ba duk wanda zai noma ta bana, don ƙasar ba ta karɓar wani iri. Bai zagi kowa ba. Na bi shi da kallo, na ga tsufan da ban taɓa gani a bayansa ba. Ba yunwa nake jiye masa ba, ƙannena na nan. Amma mutumin da bai san wata hanya da safe ba sai ta gonar nan, in aka zaunar da shi ba zai daɗe ba.

Kada ka ce za ka ara masa, ba zai karɓa daga hannun suruki ba. Ni ka ba ni kasonka in noma. Kai dai rabonka da hauya tun kafin ka yi tumbi. In gonar tana hannuna, ba alƙalin da zai hana uba taya ƴarsa aiki.

Ka yi tunani kafin ruwa ya sauka.

Matarka,
Husaina

Gangara, ranar Lahadi

Maigidana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da ruwa. Saƙonka ya iso, Allah ya saka maka da alheri. Yaya Ilyasu ya yi ta faɗa, amma kasonka naka ne, mai gari ma ya shaida.

Ruwan shuka ya sauka ranar Juma'a. Washegari ina cikin gona ni kaɗai, sai ga Baba da sungumi a kafaɗa, wai wucewa yake yi zuwa kasuwa. Ranar ba kasuwa ko'ina. Ya tsaya a kan iyaka yana kushe ramukana, ya ce sun karkace. Na ce to ya gyara mini ɗaya. Bai ɗago ba sai azahar, yana sara ina bin sa da iri ina rufewa da diddige.

Da zai tafi, ya sunkuyar da kai ya tambaye ni ko mai gona ta yarda ya dawo gobe. Baban Nafisa, ubana ne yake neman izinina a inda ya koya mini tafiya. Sai na karɓe sungumin daga hannunsa na taho da shi gida, don dole ya biyo ta ƙofarmu da safe.

Nafisa na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Husaina