Muryar Baba Ba Ta Hau Intanet Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Turawa lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Faifan ajiyar da nake jonawa a kwamfuta ya mutu, kuma a ciki muryar marigayi Baba take, inda yake faɗin iyakokin gonarmu. Mai gyara a Karaye ya rantse mini komai yana hawa intanet da kansa. Ashe na cikin kwamfuta kawai ke hawa, ban da na faifan! Da na koma, wai ai ban tambaya ba. Ni na san abin tambaya?

Don Allah duba tsohuwar wayarka, na taɓa turo maka. In ka samu, ka ajiye wuri uku. Maƙwabcinmu har ya fara cin iyaka.

A gaida yara, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Bala