Ranar da Shofaj Ya Ƙi Zafi a Hanyar Poli

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ce Hajara, wadda kake kira Uwata saboda sunan Innarka da na ci. Akwai godiyar da kunya ta hana ni yi maka kana raye, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Ka tuna damunar da na haifi Sa'idu a Poli, zamanin shugaban ƙasa na farko? Bakwaini ne, ko kuka ba ya iya yi sosai. Maigidana ya tafi aiki Marwa, kai kuma Allah Ya kawo ka da lodi daga Garwa. Marta, ungozomar ƙaramin asibitin mishan, ta tare ka a ƙofa ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Baba, yaron nan sai Garwa. Amma in sanyi ya shige shi a hanya, babu shi."

Muka kama hanya da safe, ana tsuga ruwa, hazo ya rufe duwatsu. Ni da Marta muna baya. Jinin da na zubar ya sa jikina ya yi sanyi ƙalau, ina ta kaɗuwa, sai Marta ta karɓi yaron ta cusa shi cikin rigarta. Ka murɗa shofaj, abin ɗumama motar. Iska ta fito, amma mai sanyi, kamar an buɗe taga.

Ka ce mu ba inji lokaci ya yi zafi. Muka wuce ƙauye, muka haye rafi, allurar zafi ta tashi daidai, iskar tana nan yadda take. Marta ta leƙa cikin rigarta, ta ɗago. Ta madubi na ga ka hango fuskarta. Nan take ka gangara gefen hanya ka tsaya.

Ka ɗaga murfin inji. Ta ratar da ke ƙasansa ina hango hannuwanka, ruwa yana dukan bayanka. Ka ja wayar famfon shofaj, tana buɗewa tana rufewa lafiya. Ka kama tiyon da ke kai ruwan zafi ciki, ka cire hannu da sauri. Ka kama na fitowa, ka daɗe riƙe da shi, babu ko ɗumi. Sai ka zo taga ka ce, "Uwata, ya toshe ne. Wa ke kunna wannan abu a zafin Garwa? Tsatsa ta cika shi."

Kullum kana gaya wa direbobin tasha cewa ba a taɓa ruwan inji sai ya huce, mai gaggawa shi ke kwana a hanya. Na tambaye ka ko za mu jira. Ka dubi Marta. Ta girgiza kai.

Ka naɗe hannu da tsumma, ka kwance tiyon. Tururi ya turnuƙe har na daina ganinka. Ban ji ka yi ko tari ba. Ka ɗauko famfon taya, ka cusa bakinsa a bututun shofaj inda ka cire tiyon, kana bugawa, har wani jan ruwa mai kauri kamar kunu ya yi tsartuwa ƙasa. Ka mai da tiyo, ka ɗebo ruwa a rafi da galan, ka cika lagireto, tankin ruwan inji, ka tayar da mota.

Sanyi dai. Baba, a nan ne na fara salati a bayyane. Leɓen yaron ya soma canja launi, Marta tana hura masa numfashi a tafin ƙafa, tana addu'arta da yarensu, ina tawa.

Ka ce iska ce ta maƙale a ciki. Ka ja motar ka ɗora gabanta kan tudu, ka bar lagireto a buɗe, inji yana aiki, kana matsa tiyo da hannun hagu. Ruwan ya yi ta kumfa, ya faɗa, ka ƙara, ya sake faɗawa, ka ƙara. Ni dai tafina yana kan ramin da iskar shofaj ke fitowa. Da farko na ɗauka zazzaɓina ne. Sai Marta ta sa nata hannun ta ce, "Ya zo."

Kafin mu hau babbar hanya gilashi ya yi gumi, kai ma haka. A wajen gadar Binuwai Sa'idu ya yi kuka, siriri kamar na ɗan kyanwa.

Sai da aka karɓe shi a asibiti na lura da hannu ɗaya ka yi tuƙin. Na dama yana kan cinyarka cikin tsumma, da aka warware, fatar ta biyo shi. Na fashe da kuka, ka ce, "Kul. Je ki ga ɗanki." Yatsu biyu na hannun nan ba su ƙara miƙewa ba har ka koma ga Allah, kuma duk wanda ya tambaya sai ka ce aikin mota ne.

Sa'idu yanzu ya fi ƙofar ɗakina tsawo. Na gaya masa komai.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Hannun da ya ƙone dominmu, Allah Ya haramta wa wuta shi da sauran jikinka. Amin.

Taka har kullum,
Uwarka, Hajara